Gwaji Ukun da Fahad Ya Binne

Waɗanda suka cika min akwatin saƙo da cewa na cika raini, na gani, na gode. Wata ma cewa ta yi, "Raihana, a wannan zamanin kin samu anjeniyer mai mota kina yanga?" Baiwar Allah, ki karanta wannan har ƙarshe. In kin gama kina son shi, ki turo lambarki, ni da kaina zan raka ki tasha.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Raihana. A Tasawa nake, bayan kasuwa, gidan marigayi Malam Sirajo. Shekarata ashirin da bakwai, kuma in Innata za ta faɗi wannan lamba sai ta rage murya kamar mai sanar da rasuwa. Na yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai na dawo gida, daga ɗakina nake aiki, a kan tabarma, da fanka mai caji a gefe da kofin kunun tsamiya da kullum nake mantawa har ya huce.

Ku yi haƙuri in yi muku bayanin aikin, don ba za ku gane abin da Fahad, anjeniyer ɗin, ya yi ba sai kun gane shi. Akwai wani shiri da ake kira kompilatar. Tafinta ne. Mutum zai rubuta abin da yake so na'ura ta yi, shi kuma ya juya shi zuwa yaren da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki ke ji. Ƙwaƙwalwar da muke wa aiki ba ta kai farcen babban yatsa ba, irin wadda ake sa wa a akwatin famfon sola ce. Tafintan nan in ya yi ƙarya ba mai kama shi da kunne, shi ya sa aka tara masa gwaje-gwaje dubbai. Kowane gwaji tambaya ce da aka san amsarta. In ya amsa daidai layi ya yi kore, in ya kuskure ya yi ja.

To ba kowa ke da ƙwaƙwalwar a hannu ba, sai aka yi wani shiri mai kwaikwayonta a cikin ordinatar, ana ce masa similatar. Yana ƙoƙari bawan Allah, amma ba shi da agogo, ba ya iya buɗe takardar ajiya, ba ya yin aiki biyu lokaci ɗaya. Gwajin da ya tambayi ƙarfe nawa dole ya yi ja a kansa, ba don tafinta ya yi ƙarya ba, sai don babu agogon. Aikina shi ne in bi jajayen nan ɗaya bayan ɗaya in tantance. Wannan rashin agogo ne, a sa masa alama a tsallake shi a duk inda babu agogo. Wannan kuwa ɓarna ce ta gaske, a bar shi ja, ya yi ta ba mutane kunya har a gyara.

Wadda ke riƙe da makullin aikin wata dattijuwa ce 'yar Tunis, Madam Amani. Ban taɓa ganin fuskarta ba. Shekara biyu tana dawo min da aikina da gyara kafin ta yarda da idona. Yanzu duk wanda ya taɓa gwaje-gwajen similatar, sai an ga layi ɗaya a ƙasan aikinsa mai cewa Raihana ta duba. Ba ni da fili, ba ni da zinariya, ba ni da takardar aikin gwamnati. Layin nan shi ne abin da na mallaka.

A watan nan jajaye talatin da takwas nake fama da su. Na rubuta lambobinsu a bayan kwali na manna kusa da madubi, ina soke duk wanda na gane dalilinsa. Inna da ta fara gani ta ɗauka lambobin samari ne, har ta yi hamdala.

Sai Fahad. Ɗan Hajiya Saudatu ne ta Mayahi, aminiyar Inna tun suna amare. Yana aiki a wani kamfani a Yamai da ke haɗa akwatunan famfo da irin ƙwaƙwalwar nan tamu, kuma a wurin iyayenmu wannan kaɗai ya isa hujjar cewa daga sama aka haɗa mu. Kyakkyawa ne, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai turarensa kan riga shi sallama, wayarsa biyu kullum a hannu ɗaya, ga agogon da ke ƙirga masa taku alhali daga mota sai kujera. Duk jimla uku sai ya ambaci patron ɗinsa, wato maigidansa na wurin aiki. Wata huɗu ina jin waɗannan abubuwa ina cewa ba komai, kowa da nasa.

Asabar da ta wuce ya zo zance bayan la'asar. Shadda ruwan toka, hula an karya ta gefe, takalmi mai kama da madubi. Aka shimfiɗa masa darduma a gindin dogon yaro, Inna ta aiko da fura a kwanon da ba a fitarwa sai da salla. Ni kuma da wautata na fito da ordinatar, wai in nuna wa mijin gobe abin da ke hana ni cin abinci a kan lokaci.

Ya leƙa, ya taɓe baki. "Wai har yanzu kina nan bisa 'yan jajayen ga naki? Sati ukku? Ni cikin awa guda na gama da su."

Na ce, "Ta ƙaƙa?"

"Ki ruhe su duka mana. Similatar na, bai iyawa, point final."

"In ban san dalilin kowane ba, ƙaƙa zan san ban ruhe ɓarna ba?"

Ya yi irin dariyar da ake wa yaro in ya ce zai tuƙa jirgi. "Ku mata kuna da son wahala. Turo min listin in gani."

Na tura masa. Ku rubuta wannan a cikin zunubaina, na yarda.

Ranar Alhamis da hantsi, saura kwana ɗaya magabatansa su zo gaisuwa, na buɗe akwatin wasiƙun aikinmu. Wuri ne da duk abin da aka aika mutum wajen ɗari huɗu ke gani, daga ƙasashen da wasu ban san inda suke a taswira ba. Sai ga sunan Fahad. Ya aiko da gyara, wai ya sa tafinta ya fi saurin raba manyan lambobi. Har na fara murmushi, na ce ashe dai akwai wani abu a ƙarƙashin hular. Na sauka ƙasa. Kashi na biyu na gyaran ya tsallake gwaje-gwaje, da bayanin cewa similatar ba ya iya su. Na ƙirga, arba'in da ɗaya. Na sake ƙirgawa da yatsa a kan gilashi, arba'in da ɗaya. A can ƙasa kuma ga layin nan zaune, Raihana ta duba.

Wallahi sai da na ji kunnena ya yi zafi. Ban duba ba, ban ma san da zancen ba.

An ɗauke kuran, babu wuta, batirin ordinatar ya rage rabi, amma na kashe fanka na zauna. Na cire alamominsa duka na saki gwaje-gwajen. Talatin da takwas nawa ne, na san su kamar 'ya'yan unguwa. Ukun da suka rage baƙi ne, kuma duka ukun rabon manyan lambobi suke tambaya, musamman in lambar ta yi ƙasa da sifiri. Ba ruwansu da agogo, ba ruwansu da takardar ajiya. Similatar ya iya rabo sarai. Na cire gyaran Fahad, ukun suka yi kore. Na mayar, suka yi ja. Na yi haka sau uku, ba don ina shakka ba, don ina neman masa mafita.

Babu mafita. Gyaransa ne ya sa tafinta ƙarya, ya gani da idonsa, sai ya ɗauki ukun ya cusa a tsakiyar talatin da takwas ɗina don su wuce tare. Ko alamar ma bai iya sawa ba. Maimakon ya ce a tsallake a inda babu agogo, sunan ƙwaƙwalwar ya rubuta kacokan. Ma'ana ko ranar da aka samu ta gaske aka jona, ba za a ƙara yi mata tambayoyin nan ba har abada. Anjeniyer ke nan, mai agogon ƙirga taku.

Na ɗauki waya na rubuta masa.

"Wa ya ba ka izinin sa sunana?"

Ya aiko fuska mai dariya har uku. "Haba madame. Sunanki da nawa ai guda na daga gobe."

"Ukku daga ciki gyaranka ya ɓata su."

"Lamba mai girma hakanga wa za shi raba ta cikin hwamho? Cas théorique na, abin bisa takarda kawai."

"Ka janye shi yau."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa. Sai ga shi.

"Patron ya riga ya gani, ya yaba. Ban ce ki yi komi ba, chérie. Ki yi kurum kawai. Gobe da la'asar tsohuwag ga taki ta shigar da shi, shi ke nan, mu ji da biki."

Ya biyo da saƙon murya. Na buɗe, sumba ce kawai, daƙiƙa biyu. Na ajiye wayar a nesa da ni kamar an ɗora mata wani abu.

Ku lura da wayon, 'yan uwa. Bai roƙe ni in yi ƙarya ba, ya riga ya yi min ita. Shiru kawai yake nema, kuma ya zaɓi makon da ya san bakina a ɗaure yake. Wace yarinya ce za ta tona saurayinta a gaban mutum ɗari huɗu ana gobe za a kawo goronta? Ya auna ni ya ga iyakata ke nan. Wannan ya fi ƙaryar ƙona min rai.

Na fita tsakar gida. An share ko'ina har bayan randuna, an aro kujerun roba goma sha biyu daga maƙwabta, an baza sabbin tabarmi a rana don warin kanti ya fita. Inna Mairo na durƙushe gaban kasko tana suyar cincin, ɗankwalinta ya zame, fuskarta na ƙyalli da mai da murna. Rabon da in ga ta haka tun Malam yana da rai.

Na tsuguna na faɗa mata, a hankali, da misalai.

Ta ce, "To mi ya yi zahi? Namiji ya ari sunanki ya sa kusa da nai, ai ƙauna ta."

"Inna, cewa ya yi na duba abin da ban duba ba."

"To ki duba yanzu mana."

"Na duba. Ɓatacce na."

Ta juya cincin ɗin da ƙarfi har mai ya fantsa. "Raihana, ki ji tsoron Allah. Biyu sun zo kin kore su. Guda kin ce bai karatu, guda kin ce yana tauna da ƙara. Yanzu kuma abin cikin ordinatar, da ba a ci ba a sha? Saudatu hwa, da Malam ya rasu, ita ta baro Mayahi ta zamna ɗakin ga kwana arba'in. Ita ta yi ta ba ni hura da ludayi sa'adda ba ni iya ɗaga hannu. Da wane ido zan dube ta?"

Gaskiya ta faɗa, ina nan aka yi. Na koma ɗaki na rubuta abin da ya kamata in aika, na karanta, na bar shi a ajiye ban taɓa madannin aikawa ba. Na ce wa kaina wataƙila zai ji kunya ya janye kafin gobe. Kun ga ni ma na iya yi wa kaina ƙarya.

Juma'a da safe na duba, bai janye ba. Hoto ma ya sa a wasap, shi da mota, da rubutun cewa yau babbar rana ce. Aka sa ni wanka da ruwan turare, aka fito min da leshi ruwan zuma mai ƙaiƙayi a wuya, da sarƙar Inna ta aure, da mayafin da ke zamewa in na yi numfashi. Na zauna a bakin gado kamar kayan da aka ɗaure za a kai tasha.

Ana kiran sallar Juma'a saƙon Madam Amani ya shigo, ba gare ni kaɗai ba, ga kowa. Layi biyu ne. Ta ce tunda Raihana ta duba gwaje-gwajen, ita ba sai ta sake dubawa ba, za ta shigar da yamma. Sai ta ƙara da cewa, na gode 'yata.

Matar da ta shekara biyu tana dawo min da aiki saboda waƙafi. Yau ta rufe ido ta miƙa hannu saboda ta ga sunana. Na karanta "'yata" ɗin nan sau biyar, hawaye suka ɓata min kwalli, ina jin haushin kaina ina jin haushin leshin.

Bayan an sauko masallaci na ji motoci biyu sun tsaya. Sallamar maza, jan kujeru, ƙamshin goro har ɗakina. Na jawo ordinatar kan cinyata, da leshi da sarƙa da komai, na buɗe abin da na rubuta jiya. Ban zage shi ba, ko kalma ɗaya. Na ce ban duba wannan gyara ba, kuma ban ba da izinin sa sunana ba. Na ce talatin da takwas daga cikin gwaje-gwajen gazawar similatar ce, ga dalilin kowanne, ga alamar da ta dace da shi. Na ce ukun da suka rage gyaran ne ya karya su, ga lambobinsu, duk mai so ya gwada. Na yi bisimilla na aika.

Ban rufe ordinatar ba Baffa Na Allah ya yi gyaran murya a ƙofa. Ƙanen Malam ne, shi ne waliyyina, dillalin hatsi ne a kasuwar Tasawa. Mutum ne da ko ɗan'uwansa ya kawo masa buhun gero sai ya soka ƙarfe ya zaro na tsakiya ya gani. A gidanmu ba a karɓar goro sai waliyyi ya shigo ya tambayi yarinya da bakinsa, ko da kowa ya san amsar. Inna ta biyo shi tana murmushi, tana yi min alama da ido in sunkuyar da kai.

Ya zauna a bakin tabarma ya cire hula. "Ɗiyata, mutanen Mayahi sun zo. Kin san da zuwansu? A amsa?"

Na ce, "Baffa, akwai magana."

Murmushin Inna ya tafi. Na fara bayani, tafinta, similatar, kore da ja. Ya ɗaga hannu.

"Ni ban san wagga ba, bar ni da ita. Abu guda nika tambaya. Ya ce kin gani, ke ko ba ki gani ba?"

"I, Baffa."

"Ya san ba ki gani ba?"

"Ya sani. Na ce ya janye, ya ce in yi kurum."

"Gaban mutum nawa ya hwaɗa?"

"Wajen ɗari huɗu."

Ya juya hular a hannunsa. Daga zaure ana jin dariyar baƙi, wani yana ba da labarin hanya.

Inna ta ce, "Malam ƙarami, abin yara na hwa. Abin cikin na'ura."

"Mairo, shaidar zur ba ta da na'ura. Shekarata talatin cikin kasuwa, wanda duk ya ce 'Na Allah ya ga buhun ga' alhali ban gani ba, ban ƙara awo da shi. Wanga tun bai ɗauke ta ba ya hwara magana da bakinta." Ya mayar da hula ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. A bakin ƙofa ya juyo. "Kar wanda ya taɓa goron ga sai na dawo."

Ya fita. Dariyar zaure ta ci gaba kaɗan, sannan ta tsaya.

Wayata ta yi ƙara. Madam Amani ce, ta ce ta dakatar da gyaran, ta gwada ukun da kanta ta ga abin da na gani. Bayan ta saƙonnin Fahad suka fara zubowa, ɗaya kan ɗaya, babu fuska mai dariya ko ɗaya. Na farko ya ce patron ya kira shi. Na biyu ya ce ni ba matar rufin asiri ba ce. Ban buɗe sauran ba. Ban ji tausayinsa ba, ku faɗi duk abin da za ku faɗa.

Wadda na kasa kallo ita ce Inna. Tana tsaye inda Baffa ya bar ta, da atamfar da ta ɗinka don yau, hannunta ɗaya a kan ƙyaure. Ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Idonta na kan kwalin nan na kusa da madubi, da lambobina talatin da takwas da na soke.

Sai 'yar salularta ta fara kuka a ƙullin zanenta. Ta kwance a hankali, ta kai kusa da ido, ta daɗe tana kallon sunan. Daga inda nake ina hango shi, Saudatu Mayahi. Ta tako har gabana ta ɗora min ita a tafin hannu, wayar tana ta kuka tana rawa.

Ta ce, "Ke kinka iya magana gaban mutum ɗari huɗu. Amshi, ki hwaɗa ma mutum guda."